Kujerar da ke Ɗingishi

Duk wanda ya zauna a layin bayan tashar mota ya san Baba Kafinta, ko da bai taɓa kai masa aiki ba. Shagonsa yana kan kwana, tsakanin mai gyaran fanka da mai wanki da guga. Kullum iska tana kwasar dusar katako daga ƙofarsa ta kai wa mai guga, shi kuma ya fito yana mita yana karkaɗe rigunan mutane, Baba ko ɗaga kai ba ya yi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da fensir maƙale a kunne. Yatsansa manuni na hagu guntu ne, zarto ya ci rabinsa tun yana koyon aiki. Idan yara suka tambaye shi ina sauran, sai ya ce ya ba wani aro ne bai dawo masa da shi ba. Barkwancinsa ke nan guda ɗaya a duniya, kuma ya yi ta maimaita shi har yaran suka girma suka kawo nasu yaran.

Magana ba sana'arsa ba ce. Ubangidan da ya koya masa aiki bai taɓa yaba wa kowa ba. Idan ya juya aikinka ya duba sama da ƙasa, ya ajiye bai ce komai ba, to ka ci. Da wannan Baba ya tashi, ya ɗauka ko'ina haka ake yi. Matarsa takan ba da labarin cewa duk tsawon lokacin da yake nemanta bai taɓa buɗe baki ya ce yana sonta ba. Sai dai ya zo gidansu ya gyara ƙofar kicin, ya dawo ya gyara taga, ya sake dawowa ya ɗaure benci, har uwarta ta gaji ta ce a ba mutumin nan yarinyar kafin ya rushe gidan ya sake ginawa.

'Ya'ya biyu suka rayu musu, da tazara mai yawa a tsakani. Babban namiji ne, ana ce masa Dogo saboda tun kafin ya yi gemu ya kere ubansa tsawo. A shago ya girma, daga makaranta sai can. Ƙaramar kuma Auta. Dogo ya zama saurayi, har masu kawo aiki sun fara tambayarsa shi maimakon uban, sai wata rana ya bar shago da ciwon kai. Zazzaɓi ne ya rufe shi. Aka kai shi asibiti, aka yi allurai, aka ƙara ruwa, kafin mako ya zagayo babu shi.

Masu zuwa gaisuwa ba su gama ɗaukewa ba Baba ya buɗe shago. Mutane suka yi ta magana ƙasa-ƙasa. Auta, wadda a lokacin take makarantar sakandare, ta wuce ta layin ta ji ƙarar gudumarsa, ta tsaya ta leƙa, ta ga bayansa a duƙe kamar kowace rana. Ta ajiye abin a ranta. Ta yanke hukunci cewa ubanta dutse ne, idan ma akwai wani abu mai taushi a cikinsa, to an binne shi tare da Yaya. Tun daga ranar ba a sake jin sunan Dogo a bakinsa ba.

Auta ta yi karatu, ta zama malamar firamare, ta auri wani ma'aikacin ofis mai fara'a da yawan surutu, suka kama haya a wani bene can ɗaya gefen gari. Ranar da suka tare, Baba ya zo da kujera ɗaya a kafaɗa, tsohuwa, mai hannu, ba fenti. Ya ajiye ta kusa da taga ya ce, "Ga wannan." Ƙafarta ɗaya ta baya ta fi sauran gajarta. Duk wanda ya zauna sai ta karkata ta buga ƙasa, ƙwas. Surukin yakan ce wa baƙi, "Ku lallaɓa da ita. Kafinta guda muke da shi a dangi, amma kujerarmu ɗingishi take."

Daga nan Baba ya tsiri zuwa duk ƙarshen mako da akwatin kayan aikinsa. Zai gaisa a tsaye, idonsa na yawo a ɗakin, sai ya ce, "Wannan durowar tana cijewa." Ya durƙusa ya hau aiki. Auta ta tsaya a kansa tana miƙo masa ƙusa. Idan ya gama ta kawo masa shayi, ya zauna a kan kujerar nan, yana sha yana ɗan jingina hagu, kujerar na bugawa a hankali. Kofin na ƙarewa zai miƙe. "To, ni zan koma. Ƙofar kabad ɗin can ta saki, sai wani makon." Bai taɓa gama aikin gidan a zuwa ɗaya ba, kuma bai taɓa kai guduma kusa da kujerar ba.

Matarsa ce kaɗai ta gane.

"Kai da kake harhaɗa gado a wuni ɗaya, durowa guda ta cinye maka wata?"

"Katakon ne ba shi da kyau."

"Katako ko? Allah ya ba katako lafiya."

Auta kuwa ta ɗauki abin daban. A ganinta ubanta yana zuwa ne ya nuna mata gidanta bai yi ba, mijinta ko noti bai iya ɗaurewa ba. Duk ranar da zai zo sai ta tashi da faɗuwar gaba, tana bin ɗakuna tana jan durowoyi, ko za ta riga shi ganin aibun.

Haka shekaru suka tafi, har benen ya fara yi masa tsawo. Da farko yakan huta sau ɗaya a tsakiya, ya yi kamar yana duba ƙarfen da ake dafawa. Sai ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya daina shiga. Idan ya ja zarto kaɗan sai ya dafa teburi yana neman iska. Matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya saurari ƙirjinsa ya daɗe, ya duba hoton da aka ɗauka, ya ce zuciyar ce ta gaji. Ba ɗaukar kaya, ba hawan bene sai dole.

"Tana gyaruwa?" in ji Baba.

"Lallaɓa ta za mu riƙa yi, Baba."

Bai ƙara tambaya ba. Shi ma haka yake faɗa wa wanda ya kawo masa teburin da gara ta cinye ta ciki.

Mutuwar ba ta ba shi tsoro yadda ya zata ba. Abin da ya hana shi sukuni daban ne. Yakan zauna a shago da rana, aiki a gabansa bai taɓa ba, yana tuna yadda Dogo ya fita ta ƙofar nan yana dafe da kai, shi kuma abin da ya ce masa kawai shi ne ya rufe gwangwanin gam kafin ya tafi. Maganar ƙarshe ke nan da yaron ya ji daga gare shi da hankalinsa. Yanzu ga Auta, ita kaɗai ta rage, kuma idan aka tattara duk abin da ya taɓa ce mata, rabi ƙusa ne, rabi durowa.

"Ka faɗa mata mana," in ji matarsa wata safiya tana shafa masa mai a ƙafa.

"In faɗa mata me?"

"Abin da kake faɗa wa bango idan ka ɗauka na fita. Ni dai na haƙura, na karɓi nawa a ƙofar kicin da taga. Amma yarinyar nan ba ta jin yaren guduma. Tsoronka take ji, ka sani?"

Bai sani ba.

Ya kwashe kwanaki yana shirya abin kamar yadda yake shirya aiki. Ya san ba zai iya zama ya kalli idonta ya yi magana ba, harshensa zai ƙage. Amma akwai ƙofar kabad ɗin kicin da ya bari a sake tun zuwansa na baya. Zai durƙusa, ya cusa kansa ciki, ita tana tsaye a bayansa riƙe da noti, hannunsa na aiki, sai ya faɗa. A cikin kabad zai iya. Har ya gwada a shago, ya sa kai a wata tsohuwar durowa ya furta kalmomin a hankali, mai guga ya leƙo ya tambaye shi ko ɓera yake yi wa nasiha.

Ranar da ya tafi, matarsa ta ce ya bar akwatin. Ya ce idan ya bar akwatin me zai je yi. Ya rage kayan ciki, ya bar guduma ƙarama da sukundireba da 'yan notuna. Benen ya ci shi sosai. Da ya kai ƙofar sai da ya tsaya numfashinsa ya dawo kafin ya ƙwanƙwasa.

Surukin ne ya buɗe, fuskarsa kamar wanda ya ci gasa.

"Baba, sannu da zuwa! Kawo akwatin nan. Yau hutu za ka yi, an sallame ka daga aiki."

Auta ta fito daga kicin ta durƙusa ta gaishe shi. Idonta ya sauka a kan ƙafafunsa ya daɗe a can, sai ya gane uwarta ta faɗa mata abin da likita ya ce.

"Mama ta ce an hana ka wahala," in ji ta. "Shi ne muka kira masu gyara, suka yi komai gaba ɗaya. Ba sai ka riƙa hawo mana da kaya ba."

Surukin ya shiga gaba yana nuna masa. Ɗakin na warin sabon fenti. Baba ya ja durowar, ta fito sumul. Ya tura taga, ta rufe ba ƙara. Ya shiga kicin ya kama ƙofar kabad ɗin, ya buɗe, ya rufe, ya jijjiga ta. An canza mata ƙarafa, ta zauna daram. Ya bi gefen katakon da guntun yatsansa yana neman inda aka yi ha'inci. Babu. Ko su wane ne, sun iya aiki.

Ya tsaya a tsakiyar kicin ɗin, hannuwansa a sake, bai san inda zai kai su ba.

"Zo ka zauna, Baba, ga shayi," in ji Auta.

Kujerar tana wurinta kusa da taga, amma sai da ya sake dubawa kafin ya gane ta. Tana ƙyalli. An goge ta da samfefa, an shafe ta da fenti mai ruwan zuma. Ya zauna a hankali, ya jingina hagu yadda ya saba.

Ba ta motsa ba.

Ya sake jinginawa, da ƙarfi. Shiru. Ya kai hannu ƙarƙashin hannun kujerar na dama, inda yatsansa ya saba samun wani ɗan rami da zarto ya taɓa zamewa ya yi. An cike shi, an goge. Ya miƙe, ya kama kujerar ya kifa ta. Ƙasan ƙafafu uku fari tas, sabon yanka. An rage su ne don su yi daidai da gajeriyar.

"Wa ya taɓa ta?"

"Ai ita ce ta fi ba su wuya," in ji surukin. "Na ce musu wannan ta gagari babban kafinta shekara da shekaru, in kun iya da ita kun cika gwanaye. Ka ga yanzu ko kofi ka ɗora..."

Auta ta taɓa hannun mijinta ya yi shiru. Baba ya mayar da kujerar kan ƙafafunta, ya gyara mata zama kamar mai kwantar da jariri. Ya ɗauki akwatinsa a bakin ƙofa ya fita, bai yi sallama ba.

Ta biyo shi. Yana jin takunta a bayansa, tana magana da irin muryar da bai taɓa ji daga gare ta ba.

"Baba, don Allah me muka yi? Kullum ka zo sai ka nemi abin da ya lalace a gidana. Yau ba ka samu ba, shi ne abin fushi? Shayin ma ba za ka sha ba? Ni ban san yadda zan yi in burge ka ba. Wallahi ban sani ba, na gaji."

Ya so ya yi sauri, ƙirjinsa ya hana. A inda benen ya karya kwana ƙafafunsa suka ƙi, ya dafa bango, ya sulale ya zauna a kan matakala. Akwatin ya kufce ya faɗi, notuna suka watse suna gangarawa ƙasa. Auta ta yi tsalle ta riƙe kafaɗarsa.

"Baba! In kira mota? Ina maganinka?"

Ya girgiza kai, ya ɗaga hannu alamar ta jira. Suka zauna a wurin, shi yana jan iska da baki, ita tana durƙushe a matakalar ƙasa da shi, fuskarta dab da tasa. Babu kabad da zai sa kai. Babu komai a hannunsa.

"Yayanki ne ya yi ta," ya ce.

Ba ta gane ba da farko.

"Kujerar. Dogo ne ya yi ta."

Sunan ya fito a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Auta ta saki kafaɗarsa.

"Ita ce ta farko da ya yi shi kaɗai. Kina goye a lokacin. Ya yi awo ba daidai ba, ya yanke ƙafa ɗaya ta gaza. Ya so ya gyara, na ce a'a, ya bar ta a shago ya riƙa ganin kuskurensa." Ya tsaya ya huta. "Amma haɗin da ya yi mata, ba ƙusa ko ɗaya. Kin ga shekarun nan duka ba ta taɓa saki ba. Ni a shekarunsa ban iya haka ba. Na juya ta na duba, na ajiye, ban ce masa komai ba. Na ɗauka ya gane."

Ta sa hannu biyu ta rufe bakinta. "Mun yanke ta. Baba, mun sa an yanke ta." Hawaye suka zubo ta tsakanin yatsunta. "Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na ɗauka kin sani."

"Ta ina zan sani? Wa yake faɗa wa wani abu a gidanmu? Ko sati ba a yi ba na ji ka kana buga guduma. Na ce Baba ko a jikinsa."

"Kujerar tana shago a lokacin," ya ce. "Wurinta nake zuwa. A gida kowa yana kuka da baki, ni ban iya ba. Sai in buga abu don kada a ji shiru a leƙo."

Wata maƙwabciya ta hawo da bokiti, ta gan su, ta gaishe su a hankali ta raɓa ta wuce. Baba ya jira har ƙarar ƙofarta ta ɗauke. Ya ji idan bai faɗa yanzu ba, numfashin da zai faɗa da shi ba lallai ya sake samuwa ba. Kalmomin da ya shirya a shago duk sun gudu. Ya kalli notunan da ke warwatse.

"Durowarki ba ta da wani laifi, Auta. Ni nake barin ta a sake don in sami abin dawowa. Ban san yadda mutum zai zo gidan 'yarsa haka kawai ya zauna ba. Wurinki nake zuwa. Ba ni da abin da ya kai kujerar nan daraja a wurina, shi ya sa na kawo miki. Ke ce... tun kina ƙarama, idan kika shigo shago, aikin ranar daɗi yake mini. Ban faɗa wa yayanki ba har ya tafi. Ke ga shi na faɗa miki."

Ta kifa goshinta a kan gwiwarsa ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi a gabansa ba ko a wancan lokacin. Ya ɗaga hannunsa mai guntun yatsa, ya riƙe shi a sama kamar bai san aikinsa ba, sannan ya sauke shi a kanta.

Surukin yana tsaye a saman benen, fara'ar nan duk ta zube. Ya sauko a hankali ya durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Wallahi ban sani ba. Guntayen ma sun share sun tafi da su. Amma zan kira su, su rage ƙafar nan ta koma yadda take."

"A'a, ɗana. Ka bar ta."

"Minti kaɗan ne, Baba."

"Idan sun rage ta, tasu ce za ta yi ɗingishi, ba tasa ba. Ka bar ta haka." Ya dube shi. "Alheri ka yi niyya. Tattaro mini notunan nan."

Su biyu suka riƙe shi suka sauko da shi. A bakin titi Auta ta miƙo masa akwatin, ya ce ta mayar sama ta ajiye, ya yi masa nauyi.

Da ya isa gida matarsa ta dubi hannunsa, ta dubi idonsa.

"Ina akwatin?"

"Na bar shi can."

"Katakon ya gyaru ke nan?"

Ya zauna a bakin gado, ta durƙusa tana cire masa takalmin da ƙyar. Yana kallon furfurar da ke tsakiyar kanta ya ce, "Ke ma, ƙofar kicin ɗinku lafiyarta ƙalau a lokacin." Ta tsaya da takalmin a hannu. Ta ce ai ta sani, uwarta ma ta sani, har kajin gidan sun sani. Sai ta tashi da sauri ta ce ta bar ruwa a wuta, alhali ba ta ɗora komai ba.

Shagon yana rufe yanzu, mai guga ya ce rigunansa sun huta amma layin ya yi masa shiru. Ƙafafun Baba suna nan a kumbure, magungunan sai ƙaruwa suke. Yawanci Auta ce take zuwa bayan an tashi daga makaranta, ta zauna kusa da shi ta tambaye shi labarin Yaya, yana ba ta guntu-guntu, yana hutawa a tsakani. Wasu abubuwan ya tarar ya manta su, kuma wannan yana tayar masa da hankali fiye da ciwon.

Ranar da ya ji ƙarfi-ƙarfi yakan sa a kai shi benen, surukin ya tallafe shi har sama. Yana shiga hannu wofi, ya rasa inda zai ajiye hannuwan, ya ƙare da riƙe kofin shayi da duka biyun. A kan kujerar yake zama. Suna cikin hira, ba tare da ya sani ba, sai jikinsa ya jingina hagu, ya ɗan dakata yana jira. Auta tana gani. Sai ta matso da tata kujerar kusa.